Jinyar zomanyar da ta daina gyara jikinta: daga tsakar gida zuwa asibitin dabbobi

Zomo mai lafiya ba ya jiran kowa ya yi masa wanka. Da harshe da haƙoran gaba yake bin gashinsa, ya lashi ƙafafun gaba ya goge fuska, ya janyo kunne ƙasa ya tsabtace shi, kuma sau da yawa yake yin haka a yini. Saboda haka duk ranar da ka ga kashi ya manne masa a ƙasan wutsiya, ko gashi ya cuccure, ko kunne ya cika da ɓawo, to akwai abin da ya hana shi aikin da ya saba, kuma ruwa da sabulu ba sa kai wa ga wannan abin. Zan bayyana yadda jinyar wata zomanya tawa ta gudana tun daga dubawar farko har allurar ƙarshe, domin mai zomaye a gida ya san abin da zai tarar a kowane mataki, da abin da zai riƙe a hannu, da abin da zai ƙi amincewa da shi ko daga bakin wa ya fito.

Zomanyar fara ce, jinsin New Zealand da ya gauraya da na gida, babba mai jiki. Damina ta yi nisa lokacin da ta fara kaɗa kai tana sosa kunne da ƙafar baya, kejinta kuma ya soma wani wari da ya wuce zarnin da aka saba ji. Duba zomo yana da ƙa'ida, kuma tun a nan ake yawan jawo ɓarna. Ba a ɗaga shi ta kunne yadda ake yi a kasuwa. Ƙasusuwansa ba su wuce kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na nauyin jikinsa ba, ga tsokar cinya mai ƙarfi, don haka in ya yi shuri yana reto ba a tallabe shi ba, yana iya karya ƙashin bayansa da kansa, ƙafafun baya su shanye. Na zauna a tabarma, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirjinta, ɗaya ya tallabi ƙugu, na naɗe ta a tawul na bar wurin da zan duba kawai. Wasu kan kwantar da zomo rigingine, in ya yi shiru su ce daɗi yake ji. Tsoro ne ya sandarar da shi, kuma bai kamata a yi masa haka ba.

Kunnen dama ya cika da ɓawo mai kauri, ruwan ƙasa, hawa-hawa kamar ƙanzon tuwo, tun daga can cikin rami har ya fara hawowa fatar kunnen. Na hagu ya soma kamawa. A ƙasan wutsiya kuwa wani dunƙulen kashi mai laushi ya bushe ya haɗe da gashi, cikin cinyoyi ya jiƙe da fitsari ya koma ruwan ɗorawa, fatar ƙarƙashi ta yi ja tana neman saɓewa. Amma da na duba ƙasan keji sai na ga busasshen kashi ƙwaya-ƙwaya yadda aka saba. Wannan ba ƙaramin bayani ba ne, domin shi ke nuna ba gudawa take yi ba. Gudawar gaske ruwa ce tsululu, babu ƙwaya ko ɗaya, kuma tana kashe zomo cikin sa'o'i, musamman ƙananan da ba a daɗe da yaye su ba. Nan take na raba ta da sauran, na sa ta a ɗaki mai raga a taga. Dalilin ragar ƙuda ne. Koren ƙudan bola yana bin jiƙaƙƙen gashi mai kashi ya yi ƙwai, a lokacin ɗumi ƙwan kan ƙyanƙyashe kafin kwana guda, tsutsar kuma ba ta tsayawa a kan ƙazanta, naman zomon take shiga tana ci da ransa. Duk wanda ya ga tsutsa ko da ɗaya ce, asibiti zai nufa a wannan sa'ar, ba sai gari ya waye ba.

Kafin in shirya tafiya shawarwari sun yi ta zuwa, kuma duk da kyakkyawar niyya aka kawo su. Wani ya ce baƙin man inji, wani ya ce kananzir da manja, wani ya ce a ɗiga fiya-fiya a ruwa a wanke ta. A wani shagon magungunan dabbobi an miƙo mini maganin ƙuma na karnuka, aka ƙara da cewa in fasa Ampiclox a ruwan shanta. Babu wanda na karɓa, ga kuma dalili. Zomo yana lasar duk abin da aka shafa masa, kuma ba ya iya amai, abin da ya shiga ciki ya shiga ke nan. Baƙin mai da kananzir suna ƙona fata su lalata hanta. Fiya-fiya da Sniper guba ce da ke taɓa jijiyoyi. Maganin ƙumar karnuka mai sinadarin fipronil, irin su Frontline, yana sa zomo farfaɗiya har mutuwa, wani lokaci bayan kwanaki, sa'ad da mai shi ya manta ma ya shafa. Ampiclox da amoxicillin da lincomycin da clindamycin da erythromycin kuwa, in aka ba zomo su ta baki, suna kashe ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke babban hanjinsa, masu guba su samu sarari, sai gudawar da ba a cika tashi daga ita ba. Manja shi kaɗai ba guba ba ne, yana iya toshe numfashin wasu ƙwarin da ke sama-sama, amma ba ya kai wa ga na can ciki, ga kiran tururuwa da ƙura.

Ba kowane asibitin dabbobi ne ya saba da zomo ba, domin aikinsu ya fi yawa a kan shanu, tumaki, awaki, kaji da karnuka. Wanda ke kusa da Zariya, Sakkwato ko Maiduguri yana da asibitin koyarwa na jami'a. Ni asibitin gwamnati na cikin gari na je, amma sai da na fara aikawa aka tambayo mini abu uku: ko akwai likitan da ke duba zomaye, ko suna da ƙaramin sikeli, ko kuma ɗakin gwajinsu yana aiki a ranar. Na sa ta a kwali mai ƙarfi da aka huhhuda, da tawul a ƙasa don kada ta riƙa zamewa, da ciyawa a gefe. Na ɗauki kashinta iri biyu, busasshe da mai laushi, kowanne a ledarsa, da ɗan abincin da take ci, na kuma ɗauki hoton kejin a waya. Da sassafe na fita. Zomo ba ya gumi, ta kunne yake fitar da zafi, kuma in zafin wuri ya haura digiri 30 ya fara shiga haɗari, don haka tafiyar tsakar rana a adaidaita sahu ita kanta cuta ce. In ta kama dole, a naɗe gorar ruwan ƙanƙara a tsumma a ajiye masa a cikin kwalin.

A asibiti an fara da yankar kati. Ana tambayar sunan mai dabba, irin dabbar, jinsi, shekaru da abin da ya kawo ta, a biya kuɗi a wata taga daban, a dawo da rasit sannan a shiga layi. Jiran ya yi tsawo, ga raguna, ga wani kare da ke ta haushi. Na koma can gefe a inuwa, na rufe rabin kwalin da ƙyalle, domin warin kare kaɗai yana iya sa zomo ya daina ci. Ina jin yadda take numfashi da sauri ta jikin kwalin, kuma gaskiya hankalina bai kwanta ba sai da aka kira mu. Likitan ya ce, "Malam, kafin komai a ɗora ta a sikeli." Ta yi kilo 3. Daga nan na san na zo inda ya dace, domin wanda ya zuƙo allura ba tare da ya auna zomo ba kintace yake yi. Ya auna zafin jiki, wanda a zomo mai lafiya yake tsakanin digiri 38.5 da 40, ya mammatsa ciki, ya haska cikin kunne da fitilar dubawa. Sannan ya ɗebi ɗan ɓawo daga bakin kunnen, ya manna salatif a gashin gadon baya ya ɗaga, ya duba hanci da leɓe da tsakanin yatsu.

Wannan binciken yana da dalili, domin abin da muke kira ƙazuwa a dunƙule ba iri ɗaya ba ne. Ƙwaron kunne, wanda likitoci ke kira Psoroptes, a ramin kunne yake zama. Akwai Sarcoptes, mai haƙa rami cikin fata, wanda ke sa farin ɓawo a hanci, leɓe, gefen kunne da yatsu, kuma ya yi yawa a ƙasashe masu zafi irin namu. Akwai Cheyletiella mai kawo amosani a wuya da gadon baya. Akwai makero, wanda ba ƙwaro ba ne sam, kuma allurar ƙazuwa ba ta yi masa komai. Akwai ma wata cuta da zomaye ke ɗauka wurin barbara, mai sa ɓawo a hanci da al'aura, wadda maganinta daban ne. Ido kaɗai yana iya ruɗuwa. Na biya kuɗin gwaji, na kai samfurin ɗakin gwaji da kaina tare da kashin, na zauna jira. Ma'aikacin ya kira ni na leƙa madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa, na ga ƙwarin suna motsi tare da ƙwansu. Na kunne ne kawai. Kashin kuma bai nuna ƙwayar koksidiya mai yawa ba, wadda ke cikin manyan abubuwan da ke kawo gudawa ga ƙananan zomaye.

Maganin ivermectin ne, allura a ƙarƙashin fatar wuya, kuma lissafinsa ya cancanci a tsaya a kai. Kwalbar da aka saba gani ta shanu ce, mai ƙarfin kashi 1 cikin ɗari, wato kowace mililita ɗaya tana ɗauke da miligiram 10. Zomo yana buƙatar miligiram 0.2 zuwa 0.4 a kowane kilo. Mai kilo 3 ke nan bai wuce mililita 0.12 ba. Sirinji mai cin mililita 5 ba ya iya auna wannan, sai ƙaramin nan na masu ciwon sukari. Wanda ya ce a ba zomo rabin mililita ya ninka masa magani fiye da sau huɗu. Abu na biyu, allurar ba ta kashe ƙwai. Daga ƙwai zuwa babban ƙwaro kusan mako uku ne, shi ya sa ake maimaitawa bayan kwana 10 zuwa 14, har sau uku. Yawancin masu cewa ƙazuwa ba ta jin magani allura ɗaya suka yi, da suka ga sauƙi suka tsaya. Na tambaya, "Likita, ɓawon fa, ba za a ɓamɓare ba?" Ya ce a bar shi. Ƙarƙashinsa ɗanyen nama ne, ɓamɓarewa azaba ce ga dabbar kuma ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, in ƙwarin suka mutu da kansa zai zube. Ya rubuta meloxicam don raɗaɗi, ya kuma hana duk wani man shafawa ko ɗigon kunne mai ɗauke da dexamethasone da danginsa, saboda suna karya garkuwar jikin zomo.

Aikin ƙasan wutsiya ya fi ɗaukar lokaci. Mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya yi aski da kilifa. Fatar zomo sirirya ce ƙwarai, tana yagewa da ɗan ja, kuma a wurin da gashi ya cure takan shige cikin dunƙulen ba a sani ba. Shi ya sa reza ba ta da wuri a nan. In a gida ne kuma almakashi kaɗai ke akwai, a soka mataji tsakanin fata da dunƙulen, a yanka a saman matajin. Da aka aske, likitan ya bi kowane lungu yana neman ƙwan ƙuda da tsutsa, har cikin wasu 'yan aljihuna biyu da ke gefen al'aura. Alhamdu lillahi babu. An wanke wurin da ruwan chlorhexidine, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da aka sirka sosai, aka busar, aka shafa silver sulfadiazine, man ƙuna da ake samu a kemis. Dettol da Izal ba na fatar zomo ba ne. Kuɗin ranar kashi huɗu ne: kati, gwaji, allura da aski, sai magungunan da na saya a waje. Allurar ita ce mafi araha a ciki. A riƙe tsabar kuɗi da canji, kuma a sa a rai cewa za a dawo aƙalla sau biyu, kuɗin mota yana cikin lissafi.

A gida, safe da yamma nake duba wurin. In ɗan ɓaci ne kaɗan, garin sitacin masara ya isa: a barbaɗa, a murza da yatsu, a taje, ƙazantar ta biyo garin. Hodar jarirai mai ƙamshi ba ta dace ba saboda huhu. In ya ɓaci sosai, sai roba mai faɗi da tawul a ƙasanta, da ruwa mai ɗumi wanda bai wuce tsawon yatsa ba. Ƙirjinta yana kan hannuna, bayanta kaɗai ke taɓa ruwa, in jiƙa dunƙulen har ya saki da kansa, ba ja. Ba a tsoma zomo gaba ɗaya. Gashinsa na ciki yana riƙe ruwa na tsawon lokaci, sanyi ya kama shi ko da a bazara, ga firgita da ke sa shi shuri. Busarwa ita ce rabin aikin. A danna tawul ana canzawa har fatar kanta ta bushe, domin damshin da aka bari shi ne zai sake cin fatar ya kuma kira ƙuda. In man ƙuna ya ƙare, ruwan gishiri yana wanke ciwo lafiya: ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita na tafasasshen ruwan da ya huce.

Sai keji. Ƙwaron kunne yana iya rayuwa har kusan mako uku ba a jikin zomo ba, yana ɓoye a tsagar katako da shimfiɗa. Na ƙone tsohuwar shimfiɗar, na kankare kashin da ya daskare, na zuba ruwan khal, wato vinegar, a kan farin dattin fitsari da ya kama raga da faranti, domin shi ke narkar da shi. Bayan na ɗauraye sosai, sannan na bi da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma, na bar shi minti goma, na sake ɗaurayewa, na shanya a rana. Kada a taɓa haɗa khal da bilic a roba ɗaya, hayaƙin da suke fitarwa guba ne ga mutum da dabba. Ƙwan koksidiya ba ya jin bilic sosai, tafasasshen ruwa da kwashe kashi kullum su ke maganinsa. Kejin katakon na bar shi wata guda babu kowa. Sauran zomayen da suka yi maƙwabtaka da ita su ma an auna kowanne an yi masa allura, har waɗanda kunnensu tas yake, in ba haka ba su za su mayar mata da ƙwarin.

Game da kashin da ke mannewa, likitan ya fi tsayawa a kan abinci. Zomo kashi iri biyu yake yi. Akwai busasshen da kowa ya sani, akwai kuma mai laushi, ƙanana a cure, mai sheƙi da wari, wanda yake lanƙwasawa ya cinye kai tsaye daga dubura, galibi da dare ko da asuba, domin a ciki yake samun wasu bitamin da furotin. Mai lafiya ba a cika ganin wannan kashin a kejinsa ba. In ana ganinsa, ko dai ya yi yawa ne saboda dusa, masara, burodi da ragowar tuwo sun rinjayi ciyawa, ko ƙiba ta hana shi lanƙwasawa, ko ciwon baya, ko ciwon baki. Ƙa'idar ita ce ciyawa ta zama kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da yake ci, tulin da ya kai girman jikinsa kullum, abincin buhu na zomaye kuma kimanin giram 25 a kowane kilo ga babban da ba ya shayarwa, sai ɗan ganye. Na koma ba ta harkiya, kiri-kiri da burburwa, a yanko inda ba a yi feshi ba, a baza a inuwa su sha iska, kada a tara su jiƙe su yi zafi. Harawar wake da ta gyaɗa abinci ne mai kyau ga masu girma da masu shayarwa, amma sinadarin kalsiyam ya yi yawa a ciki, kuma zomo ta fitsari yake fitar da rarar. In ta zama ita ce abincin kullum, fitsari kan yi kauri, ya riƙa ɗiga yana bin cinya. Na rage ta a hankali cikin mako biyu, domin sauya abinci dare ɗaya yana rikita ciki. Na kuma sa ruwa a kwano mai nauyi, sun fi sha a kwano fiye da gora mai bututu. Abincin kaji kuwa a kiyaye, wasu ana zuba musu magungunan da ke cutar da zomo.

Ranar allura ta biyu babu sabon kati, tsohon na nuna. Ɓawon kunnen ya zube fiye da rabi, ta daina kaɗa kai, fatar cinya ta koma daidai. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Har lokacin kashin yana mannewa, sikeli ya nuna ta ɗan ragu, kuma na lura tana ɗaukar ciyawa ta tauna kaɗan ta yar. Haɓarta a jiƙe take, gashin cikin ƙafafun gaba ya cure saboda goge baki. Likitan ya ce haƙori ne. Zomo yana da haƙori 28, kuma dukkansu girma suke yi har ya mutu, na gaba kusan milimita 2 a mako. Tauna ciyawa gefe da gefe ita ke goge turamen, wato haƙoran tauna na ciki. In abinci mai laushi ya yi yawa, sai gefen turmi ya yi tsini, na ƙasa ya soki harshe, na sama ya soki kunci. Bakin da ke ciwo ba ya gyara gashi, ba ya ɗaukar kashin dare. Bakin zomo ƙunci gare shi, ba a ganin turame da kyau sai an yi allurar barci, don haka aka ba ni rana.

An ba ni takardar amincewa na sa hannu, bayan an yi mini bayani cewa allurar barci ta fi haɗari ga zomo fiye da kare ko kyanwa. Ba a hana zomo abinci tun dare kamar yadda ake yi wa kare, tunda ba ya amai, kuma hanjinsa ba ya son tsayawa. Duk wanda ya ce ka kawo shi da yunwa, ka sake tambaya. Zaman jiran nan shi ne mafi nauyi a duk jinyar, domin na san akwai zomon da ba ya farkawa. An samu tsini a turamen ƙasa na dama da ƙaramin gyambo a gefen harshe, aka goge tsinin. Haƙorin zomo gogewa ake yi ko a yanka da injin haƙori, ba a datse shi da filaya ko abin yanke farce, domin yana tsagewa har saiwa ya zama ƙurji a muƙamuƙi. Kuɗin wannan rana ya fi na duk sauran in an haɗa, don haka a nemi jin adadin tun ranar da aka ba da lokaci.

Na dawo da ita a lulluɓe, na ajiye ta wuri mai ɗumi marar hayaniya. Abin lura bayan allurar barci shi ne ci da kashi. Zomon da ya yi sa'a 12 bai ci ba ko bai yi kashi ba yana cikin haɗari. Da ta ƙi taɓa komai da farko, na jiƙa abincin buhu a ruwan ɗumi na dama shi ya yi laushi, na yanke bakin sirinji, na riƙa zura shi ta gefen baki, a gurbin da ke bayan haƙoran gaba, mililita ɗaya a lokaci guda, tana zaune a kan ƙafafunta, ina jira ta haɗiye. Ba a ɗura wa zomo abinci yana rigingine, zai shaƙe. Da dare ta ja ganyen karas da kanta, da safe na ga ƙwayoyin kashi ƙanana, daga baya suka koma girmansu. Kafin ranar allura ta uku na same ta zaune tana wanke fuska da hannu biyu, ƙasan wutsiya a bushe. Daɗin da na ji a ranar ba kaɗan ba ne.

A zuwan ƙarshe, bayan allura, likitan ya haska kunnen bai ga komai ba, sai muka bi sauran abubuwan da zomo ba ya iya yi wa kansa. Farce 18 ne, biyar-biyar a gaba har da ɗan ƙaramin na gefe da ake mantawa, huɗu-huɗu a baya. Zomon keji ba ya tona ƙasa, don haka ana yanke masa duk bayan mako 4 zuwa 8. A farin farce ana ganin jan jijiya, a bar kimanin milimita 2 a gabanta. A baƙi kuwa a haska tocila ta baya. In jini ya fito a danna garin sitaci na minti ɗaya zuwa biyu. Dogon farce yana mayar da nauyi kan dunduniya, kuma tafin zomo gashi ne kawai ke kare shi, shi ya sa zaman kan raga ke sa gyambon dunduniya, musamman ga manya masu nauyi. Ba a aske gashin tafin ƙafa ko ya yi datti. Na sa mata katako mai faɗi a rabin kejin, da busasshiyar ciyawa a kai. 'Yan aljihunan nan na gefen al'aura kuma sukan tara wani baƙin maiƙo mai wari, ana goge shi a hankali da auduga da ruwan ɗumi in ya taru. Lokacin zubar gashi a riƙa taje shi kullum, ko a jiƙa tafin hannu a shafa daga wuya zuwa wutsiya, don rage abin da yake haɗiya. Mai jinsin Angora mai dogon gashi kuwa tajewa aikin kullum ne duk shekara.

Akwai abubuwan da zan so a ce kowa ya sani tun ranar da ya sayo zomo. A ajiye littafi a rubuta nauyi, ranar allura, sunan magani da adadinsa, domin likitan da ka gani yau ba lallai shi za ka tarar gobe ba, kuma katin asibiti yana iya ɓata. A damina a ɗaga wutsiyar kowane zomo safe da yamma, aikin bai kai minti ɗaya ba. A wanke hannu bayan taɓa mai ɓawo, a kuma hana yara rungumarsa, domin makero da ƙazuwar fata da ƙwaron amosani suna kama mutum, ko da yake na kunne bai cika yin haka ba. Sabon zomo daga kasuwa ya zauna shi kaɗai wata guda, da kwanonsa daban, a kuma ba shi abinci a ƙarshe bayan an gama da sauran. Tun da aka tabbatar da ɓullar cutar zubar jini ta zomaye a Najeriya a 2020, wadda ƙuda da takalmi da kwano ke iya ɗauko ta, wannan keɓewar ta wuce maganar ƙazuwa kaɗai. Haka nan namijin da ake arowa daga maƙwabta don barbara: a haska kunnuwansa, a duba hancinsa da yatsunsa da al'aurarsa a fili da rana kafin a haɗa su, in an ga ɓawo ko kaɗan a mayar da shi, a kuma gaya wa mai shi abin da aka gani don ya nema masa magani.